Amsar da Ta Zo Cikin Kwana Ashirin

Derby, 9 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwarka ta yi sauƙi. A gaida Gwaggo Morag.

Ka tambaya ko sabuwar dokar haraji za ta koro ni gida, tsibirin Lewis. Dokar ta ce ɗan kwangilar da ke yi wa hukuma aiki tamkar ma'aikacinta, harajin ma'aikaci za a cire masa. Na ɗauka ba ta shafi kamfanin jirgin ƙasa da nake yi wa kwangila ba, tunda kasuwanci yake yi, ko da yake mallakar gwamnati ne.

Abokin aikina Fergus ya ce, "Kai ɗan tsibiri, digirin kiwon tumaki ka yi? Rubuta wa kamfanin kamar kowane talaka, ka nemi bayanin ayyukansu. In doka ta tilasta musu amsawa, hukuma ce."

Na rubuta, suka amsa cikin kwana ashirin, wa'adin da doka ta gindaya wa hukumomi. Ashe dokar harajin ta shafe ni.

Kashi ɗaya cikin biyar na samuna zai tafi. Na koma ƙaramin ɗaki, yana da ɗumi daidai gwargwado. Injiniyoyi shida sun ajiye aiki saboda dokar, saura ni kaɗai mai duba gadoji. Ranar Litinin shugaban sashe zai zauna da ni kan sabon farashin aikina, kuma ba ni ne mai gaggawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Ruaridh