Zoben da Ke Kewaye da Fitila

Faisal, Alƙahira

Yaya Mahasin,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Kassala. Yaya jikin Inna? Ki karanta mata wannan a hankali, kin san ta da son a maimaita.

Albishirinki, na samu aiki a unguwar Dokki, nan cikin Alƙahira, kuma na san sai kin yi dariya. Wata mata ce, Madam Eman, take da shagon 'yan sojojin roba, kowanne bai kai babban yatsa ba. Ƙarti da gemunsu suke zuwa su jera su a kan tebur, su wuni suna yaƙi da su kamar masu ludo. Ni ce mai yi musu fenti. Hannun lallen da kika koya min ne ya yi rana.

Abin da aka fi nema a wurina shi ne haske. Soja yana riƙe da fitila, sai in sa ta zama kamar da gaske take ci. Fari nake fara ɗigawa a tsakiya, sannan in tsinka ruwan ɗorawa in bi duk inda hasken zai faɗa, kunci da ƙirji da bakin hula, bayansa kuma in bar shi da duhu. A ƙarshe in zana zoben nan mai launin bakan gizo a jikin garkuwar sojan da ke bayan fitilar. Wai ba wanda ya iya wannan sai ni, har layi ake yi.

Ga guda ɗaya na ba Atiku direba ya kawo muku. Ki sa wa Inna a hannu ta shafa, tunda ba za ta gani ba.

Ƙanwarki,
Tagwa

Faisal, Alƙahira

Yaya Mahasin,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Atiku ya dawo da yabonki, wai kin ce fitilar sojan sak ta gaske, har da zoben. Na gode. Amma wannan takardar kada ki karanta wa Inna, don girman Allah.

Yaya, tsoro nake ji. Shekaranjiya da magariba muna rufe shago, Madam Eman ta tambaye ni inda na samo dabarar zoben. Na yi dariya, na nuna mata fitilar titi, na ce ai ga shi nan, abin da nake gani nake zanawa. Ta kalli fitilar, ta kalle ni, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ƙwan lantarki. Na ɗauka zolaya ce. Na tambayi mai shayin bakin titi, na tambayi matar da ke kusa da ni a mikrobas. Ba wanda yake ganinsa sai ni.

Sai na tuna Inna. Kin tuna lokacin da take cewa aci-bal-bal ɗinmu ta ɗaura rawani, muna yi mata dariya? Kin tuna ciwon kan da take ɗaure wa kallabi da yamma? Shi nake yi yanzu, ina cewa sunkuyo ne. Jiya na kifar da kofin ruwan burushi, yana nan a hagu da ni amma ban gan shi ba.

Madam Eman ta ce yalla, sai mun je wurin likita. Ni kuwa ƙafata ta ƙi. Na zauna da soja a hannu, na kasa ɗiga farin nan. Idan idon ya tafi, Yaya, wa zai ja ni a garin nan? Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Tagwa

Faisal, Alƙahira

Yaya Mahasin,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata Inna ta samu sauƙin ƙafar.

Na je. Likitan ya ce hawan jinin ido ne. Gefen ganina na hagu ya tafi, khalas, ba zai dawo ba. Amma sauran za a iya tsare shi da maganin ɗigawa da ɗan aikin da zai yi min. Na yi kuka har matar da ke rubuta sunaye ta yi ta ce min ma'alish, wato in yi haƙuri. Yanzu ina fenti kaɗan-kaɗan, zoben ne dai na daina.

Da zan fito ya tambaye ni ko akwai makaho a gidanmu. Na ce mahaifiyata. Ya ce ciwon yana bin jini, kuma wanda ya yi jinkiri ba ya da magani. Ya tambaya ko ina da 'yan'uwa. A nan ne saƙon da kika ba Atiku ya faɗo min a rai.

Kin ce fitilar sojan sak ta gaske, har da zoben. Yaya, fitilar gaske ba ta da zobe.

Na san halinki, za ki ce gajiya ce, za ki ce wa zai zauna da Inna. Ki bar ta wurin Ummukulthum maƙwabciyarmu. Ki tafi wurin likitan ido ranar da takardar nan ta same ki, ko wanki kike yi ki bar shi a jiƙe. Inna da idonki take gani.

Ƙanwarki da ba ta da kowa sai ke,
Tagwa