Layin Alƙibla da Baba Koci Yake Zanawa

Zuwa ga Alhaji Hamidu, shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan uwa masu jin Hausa a Greensboro ta Amurka, da sauran dattawan kwamiti.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ina yi muku barka da salla, ko da yake ta yi nisa, don ban ga wanda zan yi wa a kan lokaci ba.

Ni ne Bitrus Yakubu, mutumin Kafanchan, wanda ya tsare muku raga shekara bakwai. Na faɗi cikakken sunana ne don yawancin yaranmu ba su san ni da komai ba sai Gola. Sau biyu ina zuwa shagonka a kan wannan magana. Zuwan farko ka ce za a duba, ka ba ni goro. Na biyu ka ce in sha Allah, ka tambaye ni ya aiki. Shi ya sa na rubuta, kuma zan manna kwafi a allon sanarwa na shagon don kowa ya karanta. Maganar a kan Mista Duncan ce, wanda muke kira Baba Koci, kuma Lahadi biyu kawai suka rage masa a ƙasar nan.

Na ɗaya. Bari in tuna wa jama'a ko wane ne shi, don na lura da yawa sun ɗauka wani tsohon Bature ne da ya rasa abin yi.

Ɗan Scotland ne, daga wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal. Mahaifinsa a rami ya ƙare rayuwarsa, shi ma ramin ya fara shiga kafin ƙwallo ta fito da shi. Shekara goma sha biyu ya yi yana tsaron baya, lamba biyar, kuma da ita yake ci yake sha. Ba manyan ƙungiyoyin da ake nunawa a talabijin ya buga wa ba, amma albashi ake biyansa, mutane kuma na sayen tikiti su tsaya cikin ruwan sama don su gan shi. Haƙoransa na gaba huɗu a fili ya bar su, shi ya sa kuke ganin yana cire na roba ya sa a aljihu kafin ya hura usur. Da aka fara kwaso 'yan wasa daga Turai zuwa Amurka, ya biyo ayari. Bai daɗe ba gwiwarsa ta lalace, ƙungiyar da ta kawo shi ita ma ta watse. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana shi tafiya, abin da ba sai na yi wa kowa a cikinmu bayaninsa ba. Ya yi aure a nan, ya kama aikin gyaran ciyawa a filin golf na Sedgefield har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba.

A haka ya same mu, muna guje-guje a wani fegi a McLeansville, can bayan gari, da takalma a matsayin raga. Alhaji, kana wurin. Ya tsaya a bakin shinge da karensa ya kalle mu Lahadi uku, a ta huɗu ya kasa haƙuri ya shigo yana faɗa da Turancin da babu wanda ya gane ko kalma ɗaya. Tun daga ranar shi ne kocinmu, bai taɓa karɓar ko kwalbar ruwa a hannunmu ba. Shi ya kafa sandunan raga. Duk Asabar da yamma yakan turo ɗan kekensa na farar ƙasa ya zana layukan fili, ranar Lahadi kuma ya zo da lemo yankakke a bokiti.

Na biyu. Akwai layi ɗaya da ba ya cikin dokar ƙwallo ta ko'ina a duniya.

Shekarar farko ya lura idan aka tafi hutun rabin lokaci kukan koma gefe ku yi la'asar, kuma kullum sai an yi gardama a kan inda gabas take, wannan ya nuna bishiya, wancan ya nuna turken lantarki. Ya tambaye ka, ka fito da kamfas daga motarka ka nuna masa sau ɗaya. Asabar ta gaba sai ga dogon farin layi a gefen fili, a karkace, daidai tsawon sahu. Ya kuma gyara lokacin fara wasa ya koma ƙarfe biyu, don ni in samu fitowa daga coci, ku kuma hutu ya faɗo muku a kan salla. Mutumin da ba ya zuwa masallaci, cocin ma ban taɓa ganin ya leƙa ba. Idan kuka tayar da salla, ni da shi mukan zauna a kan bokiti mu yi gadin jakunkuna, har ya hana karensa motsi.

Na uku. Ga abin da ya faru, yadda ya faru.

Bisa al'ada mukan dakatar da wasa a watan azumi, mu dawo Lahadin farko bayan salla. Bana ma haka muka sani. Da yake idonsa ya yi rauni an hana shi tuƙi, ni nake ɗauko shi. Muka zana fili ranar Asabar, muka dawo Lahadi da lemo. Ƙarfe biyu ta yi, uku ta yi, huɗu ta yi, ko mota ɗaya ba ta karyo kwanar ba. Na buga wa mutum biyar waya ba wanda ya ɗauka.

Sai ranar Litinin a wurin aiki, muna lodin kaya, Idi mai buga mana gaba ya ce mini, "Gola, ba ka ji ba? An yi sanarwa bayan Juma'a. Mun koma sabon fili mai ciyawar roba, kusa da gari, an ɗauki sabon koci mai takarda." Alhaji, kun yi sanarwa a masallaci. A duk ƙungiyar nan mutum biyu ne kawai ba sa zuwa Juma'a, kuma kun san su da suna da lambar waya.

Na sami sakatare na tambaye shi wa zai gaya wa tsohon. Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Bitrus, wa zai iya kallon idon dattijo ya ce an canza shi? Babban mutum ne, zai gane da kansa." Na san wannan hali, a cikinsa aka haife ni. A wurinmu idan ana jin nauyin mutum ba a sallamarsa da baki, janye jiki ake yi a hankali har ya fahimta, kuma mu a ganinmu girmamawa ce. To shi ba a nan ya tashi ba. A wurinsa idan ba a ce masa an daina ba, ba a daina ba.

Na huɗu, wannan laifina ne, kuma ba zan ɓoye ba tunda na tona naku.

Ni ma na kasa gaya masa. Da ya tambaye ni, sai na ce ai akwai wani azumi na kwana shida da ake ƙarawa bayan salla, shi suke yi. Ya gyaɗa kai. Sati na gaba na ce wasu ba su gama ba. Na gaba na ce sanyi ne. Yau Lahadi biyar ke nan muna zana fili, mu zauna mu biyu da kare, mu sha lemon mutum ashirin har haƙorina ya mutu. Wani lokaci yakan sa ni in tsaya a raga ya yi ta bugo mini da ƙafarsa mai lafiya, yana zagina idan na kama da ƙirji.

Kada wani ya ɗauka tausayinsa kaɗai ya sa ni rubutu. Ni ma an bar ni, kuma ya yi mini ciwo. Matata da 'ya'yana uku suna Kafanchan, shekara takwas ban gan su ba sai a hoto. Ɗakina yana bayan tashar bas, daga aiki sai shi. Awa biyun nan na Lahadi su ne kawai inda nake buɗe baki in yi Hausa har in yi dariya, inda wani zai ce mini "Gola, ka ci tuwo da yawa" in rama. Lokacin gasar kofin duniya ta bana, a shagonka muka cunkushe, Baba Koci yana cewa Scotland da Nijeriya da Nijar duk 'yan kallo ne, sai mu haɗu mu bi Ghana. A ranar na ɗauka mu dangi ne. Na san na haura arba'in kuma kun sami yaro mai tsalle, ban ce a mayar da ni raga ba. Waya ɗaya ta ishe ni.

Na biyar. Kwanakin baya Baba Koci ya faɗi a banɗaki, likita ya ce zama shi kaɗai ya ƙare. 'Yar ƙanwarsa za ta zo ta tafi da shi garinsu a Scotland kafin Kirsimeti, garin da ya bari kusan shekara arba'in, inda ya ce duk waɗanda suka san shi da lamba biyar suna maƙabarta.

Asabar da ta wuce, muna cikin zane, ya tsaya ya jingina da keken ya ce, "Bitrus, ka gaya wa Idi ya riƙa sa doguwar safa. Ciyawar roba tana ɗaye gwiwa." Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe wani tsohon abokin aikinsa ya gan ku a sabon filin tun satin farko. Na ce to Baba, me ya sa muke ta wahalar zane? Ya ce, "Ba wanda ya hura usur. Inda na fito, ba ka barin fili sai an tashi wasa." Daga nan ya tura keken zuwa gefe, yana jan ƙafa, ya zana layinku na salla kamar kullum.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Ban ce ku bar sabon fili ba, ban ce ku kori sabon koci ba. Ina roƙon Lahadi ɗaya daga cikin biyun da suka rage, ku zo McLeansville da yaran nan, a buga ko da minti ashirin ne, ya hura usur ɗinsa. Ina roƙon kai da bakinka ka tsaya a gabansa ka ce masa an gama, an gode, a Turanci ko a Hausa, zai gane. Yana so ya miƙa usur ɗin da keken zane ga wani, kuma ya ce ba ni ba, don gola ba ya riƙe usur. Idan kuma kun amince, a wannan karon a kira ni a waya.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya albarkaci kasuwarka da zuriyarka. Allah ya mayar da kowannenmu gida tun akwai waɗanda za su gane shi, kada ya bar ɗayanmu yana jira a inda aka riga aka tashi.

Mu dai za mu zana fili ranar Asabar. Ranar Lahadi ƙarfe biyu muna nan da lemo, kuma ba sai kun zo da kamfas ba.

Wassalam.

Naku,
Bitrus Yakubu (Gola)
Greensboro