Muryar Inna a Rumbun Taurari

Yamai, 3 ga Maris

Yaya Abdulgafar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Balkisa da ɗalibanka na makarantar lise. Wasan da muka shekara biyu muna haɗawa ni da abokin aikina Fahad ya fita, mun sa mishi suna Rumbun Taurari. A waya ake buga shi. Mai wasa yana jan jirage arba'in ɗauke da irin gero, yana neman duniyar da za a shuka a cikin taurari, shi zai raba ruwa, shi zai zaɓi wanda za a yaƙa da wanda za a yi sulhu da shi.

Wani mai sharhi a Dakar ya ba mu bakwai cikin goma. Ya ce sarrafa jiragen da nauyi, mataki na uku kuma ya cika wuya, amma waƙar da ke tashi idan jirgi ya ɓace ta sa shi ajiye wayar. Saboda ita aka ɗauke mu zagayen ƙarshe na gasar Abijan, ranar 20 ga wata. Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Najiba

Filinge, 8 ga Maris

Najiba,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, amma labarin ya riga ta.

Ranar kasuwa wani ya kunna bidiyon sharhin mutumin Dakar a rumfar cajin waya, da ƙarfi, sai waƙar nan ta wasanku ta tashi a ciki. Muryar Inna Tambara ce, ƙanwar mahaifiyarmu, kuma waƙar kiran iskokinta ce, wadda ba a yi sai a wurin wasan bori. Zuwaira mai sayar da kuka, wadda Inna ta yi wa girkar bori bara, tana ji ta faɗi. Babu mai goge kusa, babu wanda ya san yadda ake sallamar abin da ya hau ta. Ta bugi kanta da turken rumfa, sai da aka yi mata ɗinki biyar.

Kin san ni ba na bori, na sha faɗa wa Inna haka a gabanta. Amma ina wurin ranar da kika ɗauki muryarta a Tabla, na ji kin ce don 'yan gida ne kawai. Manyan 'yan bori sun zauna, sun hana Inna shiga wasansu har sai an mayar da waƙar. Ki faɗa mini abin da za ki yi.

Yayanki,
Abdulgafar

Yamai, 11 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Yaya jikin Zuwaira?

Na ɗauka idan aka cuɗa muryar da ƙarar injin jirgi babu wanda zai gane ta. Na san wannan ba hujja ba ce. Na yi wa Fahad maganar cirewa, ya ce duk sharhi shida da aka yi mana ita kaɗai suka yaba baki ɗaya, in ta fita mun je Abijan da gangar jiki. Ya ce ni kaɗai na yi alkawarin, amma shekara biyun ta mu biyu ce. Kuma mutum dubu huɗu sun riga sun sauke wasan, wanda ke wayarsu ba ni da iko da shi.

Ka roƙar mini Inna kwana tara kawai. Ana gama gasa zan cire.

Najiba

Tabla, 14 ga Maris

Abdulgafar ke rubutawa, Inna ke faɗa, ban sauya komai ba.

Ɗiyata, ina gaishe ki. Lahiya lau nike. Zuwaira ta tashi, amma ba ta shiga gidana.

Yayanki ya gwada min abin naki. Na ga jirage na yawo cikin duhu da gero a cikinsu, na ce wagga ɗiya ba ta manta gida ba. Sai na ji bakina yana kiran waɗanda ban kira ba. Shekara talatin ban taɓa kiransu in bar su tsaye ba, yanzu an ce ana kiransu sau dubu a yini, a garuruwan da ban sani ba.

Kin ce kwana tara. Ba ni ke da waƙar ba, balle in ba ki aro. Da tawa ce da na ba ki har da zanen jikina. Ki yi abin da kika ga dama, ni dai na hwaɗa miki.

Innarki,
Tambara

Yamai, 21 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na cire waƙar tun ran 16, yanzu jirgi shiru yake ɓacewa. Mutumin Dakar ya sake sharhi, ya ce mun zare wa wasan ransa, ya mayar da mu biyar cikin goma. A Abijan mu ne na ƙarshe. Fahad ba ya ɗaukar wayata.

Ina tafe ran Asabar da motar safe. Zan fara zuwa wurin Zuwaira, sannan ka raka ni gaban manyan. Ka tambayi Inna ko in sauka gidanta, ko in tsaya gidanka tukuna.

Ƙanwarka,
Najiba