Na yi wa samarin fim kuka, na kasa kallon ɗana

Yaya Lamai, ki taimake ni. Wata huɗu ke nan ina ɗauke da wata magana, na rasa wanda zan faɗa wa. Ko mijina bai sani ba.

Ni tela ce a garin Roi Et, shekaruna hamsin da takwas. Ɗana ɗaya tal, Wirot, ma'aikacin jinya ne a Bangkok. Shekara uku da suka wuce ƙawata Jintana ta koya mini kallon fina-finan talabijin ɗin nan da ake nuna samari biyu suna son juna. Da fari kunya nake ji, daga baya na fi ta zaƙewa. Duk Juma'a da yamma sai in rufe shago, mu haɗa kwaɗon gwanda da shinkafa, mu zauna muna shewa kamar 'yan mata. Mu zagi wanda ya raba su, mu yi kuka idan sun shirya.

Bara Wirot ya zo hutu, ya tarar ana nuna wata uwa ta kori ɗanta saboda yana son namiji. Na share hawaye na ce, "Wace irin uwa ce wannan? Ni da nawa ne, rungume shi zan yi." Yana tsaye a bakin ƙofa yana jina. Ni kuwa ko a jikina.

Da bikin sabuwar shekara na bana sai ya zo da wani mutum, ya ce abokinsa ne. Mutumin ya kusa arba'in, ga sanƙo ga tumbi, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya durƙusa ya zuba mana ruwa a hannu, ni da mijina, yadda ake girmama iyaye a bikin, kamar ɗan gida. Washegari ina daka barkono a kicin Wirot ya shigo ya ce, "Mama, ba aboki ba ne. Shekararmu shida tare. Abin da na ji kin faɗa bara ne ya sa na kawo shi."

Kin san me ya fito daga bakina? "Wancan ai fim ne, Wirot."

Ya kalle ni ya ce, "To, Mama." Na ci gaba da daka, ban ɗago kai ba. Da safe suka tafi, wai an kira Wirot wurin aiki.

Tun daga nan, in na kira shi yana ɗauka, amma ba ya wuce "lafiya lau" da "ina aiki". Ubansa kullum sai ya tambaye ni ko mun yi faɗa, in ce a'a. Kallon ma na daina. Jintana na tsokanata, wai "Ke kuma, tsufa ne ya sauko miki?" Sai in ce idona ne ke ciwo.

Ina da buhu guda na ƙyallaye masu taushi da na daɗe ina tarawa don rigunan jikoki. Yanzu ko buɗe shi ba na iyawa. Ina tunanin bakin matan kasuwa. Akwai kuma maganar da nake jin kunyar rubutawa: wani lokaci nakan ce da mutumin nan yaro ne kyakkyawa irin na fim, wataƙila da abin ya zo mini da sauƙi. Munafuka ce ni? Ina son ɗana, amma ban san yadda zan karɓi wannan ba, kuma ban iya ƙarya ba. Me zan yi?

Uwa mai ɗinki, Roi Et

*

'Yar'uwata mai ɗinki,

Ke ba munafuka ba ce. Fina-finan nan an yi su ne don su shiga rai cikin sauƙi: kyawawan samari, kiɗa mai daɗi, kuma ba ke za ki haɗa ido da matan kasuwa gobe ba. Kukan da kika yi musu na gaskiya ne, sai dai bai ci miki komai ba. Wannan karon abin ya shigo kicin ɗinki, ya taɓa jikokin da kika riga kika ɗinka wa riguna a zuci. Kina da damar yin baƙin cikin wannan.

Amma ki dubi ɗanki. Shekara shida yana ɓoye rayuwarsa, yana auna fuskarki. Magana ɗaya ya ji daga bakinki, ya ɗora komai a kanta. Da kika ce "fim ne", abin da ya ji shi ne kina iya tausaya wa baƙi, ban da shi. Duk da haka yana ɗaukar wayarki. Wanda ya yanke zumunci ba ya ɗauka.

Kada ki jira sai zuciyarki ta gama amincewa, don hakan na iya ɗaukar shekaru. Ki rufe shago kwana biyu ki je Bangkok, ki gaya masa tun kafin ki taso. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce masa maganar da kika yi ta yi muni, kin yi nadama, har yanzu ba ki gama fahimta ba, amma ba ki shirya rasa shi ba. In ya yi fushi, ki bar shi ya yi. Zancen jikoki kuwa kada ki ɗora masa shi ranar nan.

Na lura a duk wasiƙarki "mutumin nan" kike cewa. Yana da suna, kuma shekara shida ba wasa ba ce. Ki zauna ku ci abinci tare ko sau ɗaya, ki gan shi da idonki. Sanƙo da tumbi ba su taɓa hana kowa riƙon amana ba.

Maigidanki kuma, ba ke za ki faɗa masa ba. Ki tambayi Wirot yaushe yake so ubansa ya sani, da yadda yake so, ki kuma ce za ki zauna a wurin. Ki nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa amayar wa da cikinki, amma da sanin ɗanki.

Ba zan yi miki alkawarin zai rungume ki a tashar mota ba. Mai yiwuwa ziyarar farko ta yi sanyi, ta biyu ma haka. Ki dai je. Ina yi miki fatan sauka lafiya da sassaucin zuciya, ke da Wirot.

Taki,
Yaya Lamai