Tsalle Zuwa Zuciya Uku

Unguwar Boro, Kaduna
Lahadi

Maman Abigail,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Pankshin, yaya mai jego da jikarmu Blessing? Ni lafiyata lau, sai kewarki da kewar miyarki.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya. Abokin wasana Malam Zakariyya'u ne yake ba ni tsoro.

Kin daɗe kina cewa kartarmu ta birij aikin marasa aiki ce, to yau ki daure ki saurara. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kuma kafin a jefa kati kowa yana kira don abokinsa ya gane ƙarfin hannunsa. Idan na buɗe da zuciya ɗaya, wato kati mai alamar zuciya, ya amsa, sai na tsallake biyu na ce zuciya uku, yawancin 'yan wasa gayyata suke ɗaukarsa: abokinka ya ga dama ya ci gaba, ya ga dama ya yi fas, wato ya bar kiran a nan. Ni da Malam kuwa tun muna aiki a masaƙa muka yi tamu yarjejeniya. A wurinmu wannan tsallen dole ne, ba a barin mutum a nan, sai an kai huɗu. Shi da kansa ya ƙirƙiro ta.

Jiya a barandar Edith, abokiyar karawarmu, a Kamazou na yi tsallen, hannuna cike fal. Malam ya dubi katinsa ya yi fas! Monday, abokin wasan Edith, ya sunkuyar da kai. Da na tambayi Malam dalili, ya yi mini wani dogon bayani a hankali kamar mai lallashin yaro, ni dai ban kama komai ba.

Mutumin da yake tuna katin da aka jefa bara! Ki sa shi a addu'a.

Mijinki,
Ishaku

Unguwar Boro
Litinin

Maman Abigail,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafar nan ta daina damunki. Ki gaishe da Abigail. Af, wane suna ma aka sa wa jaririyar? Ba wanda ya gaya mini.

Mako ya zagayo, Malam ya sake yi ranar Asabar. Tsalle iri ɗaya, fas iri ɗaya. Na ji haushi har na buga tebur, shi kuwa ya cire hula ya mayar. Edith ta tashi wai za ta duba shayi, alhali shayin yana gabanmu. Na tabbata su ma sun lura, kunya ce ta hana su magana.

Abinci ba ya shiga. Kin tuna yadda abin ya fara wa Baba, da ƙananan mantuwa, har ya zo bai san ƙofar gidansa ba. Idan haka ne ya kama Malam, da wa zan zauna? Tun muna samari nake kallon fuskarsa a ƙetaren tebur. Ko lokacin da gari ya rikice, mutane suka daina ƙetare unguwannin juna, shi bai fasa zuwa daga Makera ba.

Gobe zan je in sami matarsa Hajiya Safiya a keɓe, a kai shi asibiti tun da wuri. Ban san ta inda zan fara ba.

Naki,
Ishaku

Unguwar Boro
Laraba

Deborah,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je. Hajiya ta saurare ni har na gama, idonta ya cika da hawaye, ta tashi ta kira mijinta. Ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya riƙe hannuna.

Ashe mun canza yarjejeniyar tun Ista ta bara. Ni na kawo shawarar, a gaban Edith da Monday, bayan tsallen ya jefa mu rami sau da dama. Muka koma irin ta kowa, gayyata kawai. Hannunsa ba ƙarfi, fas ɗinsa daidai ne. Ya ce ya tuna mini a Asabar ta farko, ya sake tuna mini a hanya bayan ta biyu, kuma duk na ce na gane. Deborah, na laluba kaina kaf, babu ko alamar wannan magana. Sunan jikarmu ma, ki yafe mini, yanzu na gan shi a katin bikin suna da ke kan talabijin.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ki dawo cikin makon nan, Malam ya ce tare za mu je wurin likita.

Na roƙi Malam ya nemi wani abokin wasa tun ban kunyata shi ba. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce sabuwar yarjejeniyar ma dama bai taɓa sonta ba. Mun koma tsohuwar, wadda har yanzu take kaina. Ya ce in zo ranar Asabar da wuri, kuma duk ranar da na yi tsalle zuwa uku, ko me ke hannunsa, zai amsa.

Mijinki,
Ishaku