Ɗakin Kaka Bai Samu Yaɓe Ba

Maraɗi, bazarar 1964

Zuwa ga Kawu Inusa, a Tasawa.

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ban taɓa ɗaga ido a gabanka ba. Ina gaishe ka da iyali, da fatan cinikin gyaɗa yana tafiya lafiya.

Da na je bakans, wato hutun makaranta, ƙauyenmu Gidan Amumune, na tarar ba a yi wa ɗakin Kaka Shatu yaɓe ba. Kowace shekara kai kake turo masu kwaɓa laka kafin ruwa ya sauka. Bana maƙwabta duk sun gama nasu, nata rufin ya tsattsage. Kuma an cire indararon da ke zubar da ruwa daga sama. Na tambaye ta, ta ce, “Inusa ya ce a dakata.”

Ɗaki ɗaya ne, Kawu, da rumbu, da zogale da turken akuyarta, amma ya ishe ta. Na kuma lura gonarka ta gyaɗa ta zo har jikin dangarta. Ɗakin ƙasa idan aka hana shi yaɓe da kansa yake faɗuwa, ba wanda za a ce ya rushe shi. Ban ce komai ba, tambaya nake.

’Yarka mai biyayya,
Barira

*

Tasawa

Barira,

Gaisuwa ta iso. Wa ya sa ki? Wannan magana ba ta yi kama da taki ba. In Zara’u ce, ki gaya mata ƙanwata ce, ta san hanyar gidana.

Gara ta ci azara biyu na rufin. A ƙara masa laka ya yi nauyi, ya faɗo wa tsohuwa a ka? Na tura kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗauko ta. Tana nan gidana, ɗakin siminti da rufin kwanon tol, abin da mutane ke sayar da shanu su samu. Ki kama karatunki.

Inusa

*

Maraɗi, farkon damina

Kawu,

Bayan gaisuwa da ban girma. Ba wanda ya sa ni, kuma kada ka ga laifin Inna Zara’u. Ta dai biyo ta lakwal ɗinmu, makarantar da nake, ta duba ni.

Ta ce Kaka ba ta iya zama a ɗakin tol. Da rana zafi, in ruwa ya sauko kuma ƙara. Wai tana cewa, “An sa ni a tukunya an rufe, saura a hura wuta.” A zaure take wuni.

Na yarda gara ta ci azara biyu. Amma Inna ta ce kamiyon ya koma ya kwashe sauran masu kyau, har da ƙyauren. Idan gyara za a yi, me ya sa ba a canja biyun ba? Ina aka kai sauran?

Ka yi haƙuri da ni.
Barira

*

Tasawa

Barira,

Lafiya lau muke. Ashe lissafin azara ake koya muku.

Suna bayan gidana. Na sa an yi tubali, ana gina mata ɗan ɗakin ƙasa irin nata, da azararta da ƙyaurenta. Ƙofar ma gabas take kallo. Akuyar ta zo. Uwata ce kafin ta zama kakarki, ba zan bar ta ita kaɗai a ƙauye ba. Magana ta ƙare.

Inusa

*

Maraɗi, tsakiyar damina

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah Ya saka maka da alheri a kan ɗakin. Inna ta gani da idonta, ta ce ya yi kyau, da sanyi kamar na gida. Na ji kunya ƙwarai.

Ta kuma ce ta je Gidan Amumune. An baje tsohon bango, an cire dangar, gyaɗa ta yi fure a inda zogalen yake.

Kaka ta aiko mini da saƙo. Ta ce in na samu bakans in zo in raka ta gida bayan kaka, tunda Inusa ya ce ana gyara mata rufi, wannan sabon kuma na baƙunta ne. Ta ce in tuna mata da irin kuɓewa.

Ban ba ta amsa ba. Ban iya yi mata ƙarya, kuma ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Zan jira har a cire gyaɗa. Idan Kawu ya ba ni izini, in sake rubutowa a lokacin, in ji ko an faɗa mata.

’Yarka,
Barira