Kafin Ka Sake Ɗaure Jakarka, Efrén

Zuwa ga Efrén, sanyin idona, iskar yamma mai tasowa daga kogin Guayas, inuwar da nake fakewa idan ranar garinmu Guayaquil ta ƙwalle, kai kaɗai da ka iya sa ni dariya kuma ka iya sa ni ciwon kai!

Da hannu nake rubuto maka, domin idan na kira ka cewa za ka yi, "Xiomara, bari mu fito daga taro," taron kuwa ba ya ƙarewa. Jibi za ka sake tashi zuwa Quito tallan injinan ban-ruwa wurin masu gonakin furanni, ni kuwa har yau ban huce ba.

Ka tuna ranar da muka haɗu? A wani otal ne na Quito, tafiyarka ta farko ta aiki. Ka haura matakala da gudu, sai ga ka zaune a ƙasa kana haki, jaka a gefe, takardu a warwatse. Ni lokacin na daɗe ina yawon tallan jatan landen kamfaninmu gari-gari. Na miƙa maka ruwa na ce, "Kai ɗan bakin teku, nan kan dutse ne, iska ba ta da yawa, a hankali ake takawa." Ka ɗago ka dube ni da idanun nan naka masu kama da ruwan kogi bayan an ɗauke ruwan sama, ka ce, "Baiwar Allah, in na mutu ki gaya wa maigidana na iso kan lokaci." Wayyo ni! Da na san maigidan nan zai zama abokin takarata, da na bar ka da hakinka.

Lahadin da ta wuce muka sa za ka zo neman aurena wurin mahaifina. Mama ta dafa ƙaguwa cikin babbar tukunya, ta soya ayaba. Baba ya sa farar rigarsa da ba ya sawa sai zuwa coci, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Sai ka bugo daga Cuenca: wai Injiniya Zambrano, maigidanka, ya ce ka tsaya cin abincin rana da wani mai gona, jirgi ya tashi ya bar ka, hanyar mota kuma ƙasa ta zafto ta toshe. Baba ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wannan yaron naki mutum ne ko jirgin sama? Kullum sai a ce ya kusa sauka." Gwaggona ta yi dariya har da tari. Ni kuwa na shige kicin na tsaya gaban tukunya, tururi ya ɓoye mini hawaye. Haba Efrén! Wace irin zuciya gare ka? Ko dutsen Chimborazo, duk da ƙanƙarar da ke kansa, yakan yaye gajimare ya nuna fuska!

To tunda tafiyar ba za ta daina ba, saurara, daga wadda ta riga ka sanin hanya. Kada ka ƙara yarda da jirgin ƙarshe na yini. Idan hazo ya rufe duwatsu, shi ake fara sokewa. Kayan da za ka sa a taro da takardunka, riƙe su a jakar hannu, kada ka ba da su a loda, ko ka manta ranar da ka shiga taro a Machala da rigar ƙwallo? Ranar da ka sauka Quito ka ci abinci kaɗan, ka sha ruwa da yawa, ka tafi da rigar sanyi, ba wannan 'yar shara-sharar da kake taƙama da ita ba. Idan masu gona sun cika maka kofi da giyar rake, kurɓa ɗaya ta isa girmamawa. Ba a taɓa sa hannu a kan abin kirki bayan kofi na uku ba.

Babbar kuwa ita ce wannan, masoyina: ka koyi cewa a'a. Injiniya ba zai mutu ba idan ka ce, "Ranka ya daɗe, Lahadi ina da uzuri a gida." Tun kafin a yanki tikiti ake faɗa, ba a bakin ƙofar jirgi ba. Ka ɗauka don ka fi kowa iyawa yake tura ka ko'ina? Don kai kaɗai ne ba ka musu! Ni ma na yi wannan rayuwar, na san yadda ɗakin otal yake yin shiru idan an rufe ƙofa.

Baba ya yarda ya sake zama Lahadi mai zuwa, bayan Mama ta yi ta lallashi. Ya ce wannan karon ba zai sa farar riga ba sai ya ji ƙarar ƙofa.

Akwai kuma abin da ban gaya maka ba. Tsohon kamfanina ya kira ni, suna so in koma kan hanya: Lima, Panama, Bogotá, mako nan mako can. Na ce su ba ni zuwa Litinin. Ba barazana nake yi ba, farin watana. Ko ka zo ko ba ka zo ba, zuciyar nan taka ce, ba wanda zai taɓa zama a cikinta bayanka. Amma in kujerarka ta sake zama fayau, zan ce wa kamfanin to, mu zama masoya biyu masu ɗaga wa juna hannu ta gilashin filin jirgi.

Ka dawo ranar Asabar, Efrén. Da jirgin safe.

Taka har numfashin ƙarshe, cikin fushi da ƙauna,
Xiomara